Kafin ka sayi sabuwar wufa, tsaya ka saurari tsohuwar

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na yi shi ne saboda masu riƙe da mota a cikinmu, kuma mun san yawancinmu motar ba tamu ba ce. Wani ta kawunsa ce da ke Agege, wani yayansa ne ya koma gida ya bar masa, wani kuma wani Alhaji ne ya ba shi yana haya ta manhajar waya bayan lakca, yana kai balas duk sati, abin da ya rage shi ne na abinci da na handawut. Wanda yake cikin wannan hali, duk baƙuwar ƙara da mota ta yi, aljihunsa ne ke fara jin ta kafin kunnensa.

A zangon nan kaɗai mota uku aka kawo min bayan hostel a nan Legas, ƙorafin iri ɗaya: “Mutumina, wufa ta fashe.” Saboda ina karanta injiniyan lantarki kuma ina da 'yar mita a jaka, shi ke nan na zama likitan unguwa. A cikin ukun nan ɗaya ce kawai wufarta ta mutu da gaske. Amma dukkansu an riga an ce musu su je su sayi sabuwa, kuma ɗayansu har ya fara taɓa kuɗin rajista.

Abin da nake so mu gane shi ne, fashewar sauti kamar zazzaɓi take. A wufa ake jin ta, amma sau da yawa ba a nan gizo yake saƙar ba. Waƙa tana fitowa daga wayarka, ta shiga rediyon mota, ta bi wayoyin nan masu kai ja da fari zuwa amfilifaya, daga nan ta isa wufa da ke cikin akwatinta a but. Batir da altaneta su ke ciyar da amfilifaya. Wufa ita ce ƙarshen layi, ita kaɗai ce mai baki, don haka duk ɓarnar da aka yi a sama ita za ta faɗa. Saboda haka a bi abin daki-daki, a fara da wanda ba ya cin ko sisi, a ƙare da mai cin kuɗi.

Da farko, ka tabbatar ƙarar daga wufar take. Kunna waƙa mai nauyin bes, ka sa wani ya zauna a kujerar direba, kai kuma ka fito ka zagaya motar. Ɗora tafin hannunka a kan lambar mota ta baya. Danna murfin but. Leƙa inda safeya taya take, ka ga ko jak da wilsifana suna kwance sakaka. Idan ka danna wani wuri ƙarar ta ɗauke, to ka kama ɓarawon. Motar farko da aka kawo min, Corolla ce ta wani ɗan Gombe, rabin “fashewar” da yake ji lambar mota ce da aka ɗaure da noti biyu kacal tana kaɗawa a jikin ƙarfe. Ɗan soso muka sa a bayanta muka ƙara ɗaure ta. Ya tsaya yana kallona kamar na yi sihiri.

Na biyu, waƙar kanta. Mu kam mun san yadda waƙa ke yawo a tsakaninmu, daga Xender zuwa WhatsApp zuwa wata wayar, wani ya yanko ta daga bidiyo, wani ya ƙara mata bes da manhaja. Irin waɗanda ake rubuta musu cewa an ƙara bes ɗin nan, yawancinsu tun a cikin fayil ɗin sautin ya riga ya fashe, babu amfilifayar da za ta ɗinke shi. Gwada waƙa uku ko huɗu masu kyau. Ka kashe duk wani gyaran sauti da ke cikin wayar. Idan ta Bluetooth kake ji, gwada ta filas ko ta waya. Idan waƙa ɗaya ce kawai ke kakari, goge ta, ka huta.

Akwai wani abu kuma da na lura da shi a nan. Waƙoƙinmu na gida da yawa ba sa sauka can ƙasa sosai, sai ka yi wata guda kana jin Ali Jita ko Hamisu Breaker komai lafiya lau. Ranar da fasinja ya ce a haɗa masa wayarsa ya sa amapiano, gangar nan tasu mai zurfi ta bugo, sai wufa ta fara tari. Ba wayar fasinjan ce ta ɓata maka kaya ba, matsalar tana nan kwance tun da, waƙarsa ce kawai ta taɓo ta.

Na uku, kuma a nan ne mafi yawan matsalar take: saitin amfilifaya. A jikinta akwai wani ɗan maɓalli da aka rubuta GAIN, wasu kuma LEVEL. Mutane da yawa sun ɗauka bolum ne na biyu, sai su murɗa shi har ƙarshe don a ji su daga bakin get. Aikinsa daban ne. Kowace rediyon mota tana da ƙarfin siginar da take fitarwa, wata bolt 2, wata bolt 4 ko fiye, shi kuma geyin aikinsa ya daidaita amfilifaya da wannan ƙarfin. Idan ya wuce ƙa'ida, kana neman amfilifaya ta ba da abin da ba ta da shi ke nan.

Ku tuna zanen igiyar sauti da muka yi a fiziks a sakandare, tudu da kwari a jere. Amfilifaya tana da rufin da ba za ta iya wucewa ba. Idan aka matsa mata, kan tudun yana bugun rufin sai ya askake ya zama shafaffe. Masu sana'ar suna ce masa kilifin. A kunne, bes ɗin da ya kamata ya fito mulmulalle sai ya koma kamar fasasshiyar ganga. A cikin wufa kuma abin ya fi haka muni, domin askakken sauti yana tura ƙarfin wuta mai yawa cikin kwayil, idan ya yi tsanani har kusan ninki biyu, alhali motsin faifan, wanda shi ke kaɗa wa kwayil ɗin iska, bai ƙaru daidai da haka ba. Zafi ya taru, gam ɗin da ke riƙe da zaren kwayil ya narke. Shi ya sa ƙaramar amfilifaya da aka takura tana iya ƙona wufa lafiyayya.

Kusa da geyin akwai BASS BOOST. Wannan shi ne mai kashe wufa a ɓoye. Duk ƙarin desibel 3 yana nufin ninka ƙarfin wuta sau biyu. Desibel 6 sau huɗu ke nan, desibel 12 kusan sau 16. To amfilifaya mai wat 300, ka murɗa mata wannan maɓallin zuwa 12, daga ina za ta kawo maka abin da kake nema? Mayar da shi sifili. A rediyo ma ka mayar da bes tsakiya, ka kashe LOUD.

Ga yadda ake saita geyin da mita, babu zato babu canki-canka. Nemo ainihin ƙarfin amfilifayar, lambar da aka rubuta RMS a gefenta. Ka manta da ƙatuwar lambar da ake bugawa a kwali da MAX ko PMPO, ta talla ce. Idan ƙarfin wufar bai kai na amfilifayar ba, yi lissafin da na wufar. Ninka wat ɗin da om ɗin wufarka, sannan ka danna alamar √ a kalkuleta. Misali wat 300 a om 4: 300 sau 4 ya ba da 1200, √1200 kuma 34.6. Wannan shi ne bolt ɗin da kake nema. Cire wayoyin wufa daga amfilifaya, mayar da geyin ƙasa gaba ɗaya, sauke sautin gwaji na 50Hz daga intanet, kai bolum ɗin rediyo kashi uku cikin huɗu, sa mita a AC, ɗora ta a inda wayoyin wufa ke fita, ka riƙa murɗa geyin a hankali har ta nuna 34.6. Tsaya nan. Daga ranar, wannan kashi uku cikin huɗun shi ne iyakar bolum ɗinka. Wanda ba shi da mita, ya murɗa a hankali da waƙar da ya sani sosai, da ya ji sautin ya fara canja kama ya ɗan dawo baya. Bai kai mita ba, amma ya fi babu.

Kafin ka rufe but, duba maɓallin LPF. Shi ke hana muryar mawaƙi da sauran sautukan sama shiga wufa. Sa shi wajen 80Hz. Idan kana jin kalmomin waƙa suna fitowa daga but, ya yi sama da yawa ko kuma a kashe yake.

Na huɗu, wuta. Alamar farko kowa ya san ta: da daddare bes yana bugawa fitilun gaba suna lumshewa. Batir mai lafiya, mota a kashe, yana nuna wajen bolt 12.6. Inji na aiki ya kamata ya kai tsakanin 13.5 da 14.5. Amma kada ka tsaya a kan batir, je ka auna a bakin amfilifayar kanta waƙa tana bugawa. Idan a batir kana ganin 14 amma a amfilifaya tana faɗowa ƙasa da 12 duk bugun ganga, wutar tana ɓacewa a hanya. Idan wuta ta ragu, rufin nan da na ambata shi ma yana saukowa, sai askin ya fara tun bolum bai yi nisa ba.

Amfilifaya mai wat 500 idan tana aiki gadan-gadan tana iya jan amfiya 45 ko fiye. Ka haɗa da na'urar sanyaya mota, da fitilu, da waifa idan ana ruwa, ga ka tsaye cikin gosulo a kan gadar Third Mainland inji yana silo, lokacin da altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta. Idan a gosulo kaɗai sautin ke fashewa amma a buɗaɗɗen titi ya gyaru, ka san inda za ka duba.

Wurin da wuta ta fi ɓacewa shi ne wayar negetib da ake ɗaurewa a jikin mota. Ya kamata ta zama gajera, kada ta wuce santimita 45 idan da hali, kaurinta daidai da wayar da ta taho daga batir, a ɗaure ta tamau a ƙarfe tsirara wanda aka kankare wa fenti. A nan ne zaman Kudu ya bambanta da gida. A Kano ko Sakkwato ƙura ce abokiyar gabarmu, a Legas da Fatakwal danshi ne da iskar teku, ga damina mai tsawo, ga ruwa yana shiga but ta tsohuwar roba. Mota ta biyu da aka kawo min, ta wani ɗan Zariya da ke haya da dare, da muka ɗaga kafet mun tarar notin wayar ya yi ja jawur da tsatsa, har ruwa kwance a ramin safeya taya. Muka cire kan batir na negetib tukuna, wannan dole ne kafin a taɓa kowace wayar wuta, muka goge wurin da sanfefa har ya yi ƙyalli, muka ɗaure, muka shafa ɗan giris a sama. Kuɗin sanfefa kaɗai aka kashe.

Sannan ita kanta wayar. Akwai mai kauri a ido wadda robar ce ta yi yawa, akwai kuma wadda alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Kankare bakin zaren da wuƙa, idan cikin ya fito fari to ita ce, kuma alminiyam ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, kusan kashi 60 cikin 100 yake kaiwa. Ko a Alaba kake saye ko a Ladipo ko a Sabon Gari idan ka je hutu, ka ce a yanka maka baki ka gani. Araha ba ta ado.

Idan kuma abin da kake ji wani siririn kuka ne da ke tashi idan ka taka totur ya sauka idan ka saki, wannan kukan altaneta ne yake shigowa cikin sigina. Sake duba wayar jikin mota, ka kuma raba wayoyin ja da fari da babbar wayar wuta, ɗaya ta bi gefen dama na mota ɗaya ta bi hagu.

Na biyar, sai yanzu muka iso kan wufar. Kashe komai. Ɗora yatsunka a zagaye da tsakiyar faifan ka danna a hankali, daidai-wa-daida. Mai lafiya tana shiga ta dawo shiru. Idan ka ji kar-kar kamar yashi, kwayil ya kumbura yana gogar maganaɗisu. Sunsuna ta, ƙonannen kwayil yana da wari irin na fankar da ta ƙone. Duba robar gefe ko ta tsage, zafin but yana cin ta. Sannan cire wayoyinta ka sa mita a om. Wufa mai om 4 takan nuna tsakanin 3 da 4, wannan daidai ne. Idan mita ba ta nuna komai ba, zaren ya tsinke. Idan ta nuna kusan sifili, ya narke ya haɗe.

Akwati ma yana da nasa. Sukurun da ya saki, ko tsaga a kusurwa, yana sa iska ta riƙa fita da shuu ko fat-fat. Kunna waƙa ka bi gefunan da bayan hannunka, za ka ji iskar. Idan akwatin mai rami ne, sautin da ya yi ƙasa da wanda aka auna ramin dominsa yana sa faifan ya yi ta lilo babu abin da ke tare shi, har ka ji ƙwas-ƙwas yana bugun ƙasa. Maɓallin SUBSONIC don wannan aka yi shi, a yawancin akwatuna wajen 25Hz zuwa 30Hz ya isa. Mai wufa biyu kuma, idan bes ya yi rauni kamar an toshe masa baki, wataƙila an juya wayar ɗaya, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Ɗauki ƙaramin batir na tocila mai bolt 1.5 ka taɓa, fositib da fositib, faifan ya kamata ya leƙo waje. Duka biyun su leƙo tare.

Mota ta uku ita ce wadda wufarta ta mutu, kuma labarinta ne ya sa na zauna rubutun nan. Wufa ta biyu ke nan da mai motar ya saya cikin 'yan watanni. Ta farko ta ƙone, aka ce ya sayi sabuwa, ya saya, aka ɗaura a kan saiti iri ɗaya, ita ma ta bi 'yar uwarta. Da muka duba, wufar mai kwayil biyu ce, kowanne om 4. Idan aka haɗa su kai da kai, fositib da fositib, negetib da negetib, suna komawa om 2. Idan aka jera su ɗaya bayan ɗaya, om 8. An haɗa masa su a om 2, a kan amfilifaya mai hanya biyu da aka game hanyoyinta, wadda a jikinta an rubuta ƙarara cewa idan an game su kada a sauka ƙasa da om 4. Ga geyin a ƙarshe, ga BASS BOOST a ƙarshe, ga amfilifayar a binne ƙarƙashin kafet babu iska. Ya ce dama takan ɗauke idan rana ta yi, wata jar fitila ta kama a jikinta, bayan ɗan lokaci ta dawo. Wannan jar fitilar ihu take yi tana neman ceto.

Na raka shi wurin wanda ya yi masa aikin. Na ce, “Oga, ba rigima muka zo ba. Dubi abin da aka rubuta a nan, dubi abin da mita ta nuna.” Ya duba, ya yi shiru, ya ce shi yadda kwastomomi ke so ke nan, kowa so yake motarsa ta fi ta kowa ƙara. Kuma wallahi ban ce ƙarya yake ba. Ba na cewa masu wayarin macuta ne, a nan ko a gida, da yawansu sun fi mu sanin mota nesa ba kusa ba. Amma canja kaya ya fi bincike sauri kuma ya fi riba, kuma idan aka ga ɗalibi baƙo wanda bai san abin da zai tambaya ba, hanya mai sauƙi za a bi da shi. Da ka ce “auna min om ɗinta in gani,” maganar tana canjawa nan take.

Abu biyu kafin in rufe. Na ɗaya, fiyus. Babbar wayar da ta taho daga batir dole a sa mata fiyus kusa da batir ɗin, cikin santimita 45. Idan ya ƙone, wani abu ne ya ƙona shi, a nemo dalilin. Kada ka yarda a naɗa maka waya ko takardar sigari a madadinsa. Wayar nan ta ratsa ƙarƙashin kafet daga gaba har baya, idan ta goge ta taɓa ƙarfe babu fiyus, wuta ce. Ka tuna motar amana ce, kuma babu ɗayanmu da ke da bakin da zai kira kawunsa ya ce mota ta ƙone saboda kiɗa.

Na biyu, kunnenka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Fasinja minti ashirin zai yi ya sauka, kai ne za ka kwana a ciki. Idan ka kashe mota kana jin fiii a kunne, ya ishe ka gargaɗi, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Da kunnen nan za ka shiga lakca gobe da safe.

A taƙaice: zagaya mota ka danna, canja waƙa, sauke geyin da BASS BOOST, auna wuta, goge wayar jikin mota, auna om, duba akwati. Idan ka bi duk wannan wufar ta ci gaba da kar-kar, to ta mutu, ka saya da hujja, amma ka gyara abin da ya kashe ta kafin a ɗaura sabuwar. 'Yar mita ba ta kai kuɗin wufa ko kusa ba, mutum uku a hostel ɗaya za su iya haɗa kuɗi su saya.

Wanda yake kusa da Yaba ko Akoka ya same ni bayan sallar Juma'a, mitar tana jaka, kuɗin aikin shayi da burodi ne. 'Yan uwanmu na Ibadan, Ife, Nsukka da Fatakwal, ku tura wa masu mota a cikinku. Don Allah kuma a rage sauti kusa da masallaci da ɗakunan karatu, jarrabawa ta matso. Allah ya ba mu sa'a, ya mayar da mu gida lafiya da sakamako mai kyau.